Shekarar Da Inna Ta Kama Sunana

Ku 'ya'yana, na san labarin yawona na Dakoro ya ishe ku. Da na gyara zama na ce "lokacin da muna yara", sai in ga wannan ya tuna ana kiransa a salula, waccan ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ban ga laifinku ba. Na ba ku labarin farautar kurege da wankan tabki har kun haddace, kuna ƙarasa mini magana tun ban kai ƙarshe ba. Amma akwai gefen da nake tsallakewa kullum, kuma saboda tsallakewar nan kun tashi da wani tunani game da ƙanena, Baba Sani, wanda ba daidai ba ne. Kuna cewa mutum ne mai ɗaure fuska, bai san wasa ba, ya raina ƙauye don ya girma a Maradi. Na sha jin kuna faɗa ina yin kamar ban ji ba. Yanzu da gwiwa ta fara ƙina, ido ma yana neman bin sahunta, gara in rubuta muku yadda aka yi shi ya girma a Maradi ni na girma a Dakoro, domin ba haka aka shirya ba tun farko.

Ni ne ɗan fari wurin Inna, kuma a zamaninmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ku yanzu kuna ɗaukar ɗan farinku ku sumbace shi gaban surukai, har ku ɗauki hoto ku aika wa duniya. Inna kuwa kunyata take ji, irin kunyar da aka san kowace mace mai tarbiyya da ita. Ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido in akwai mutane, ba ta tambayar inda na shiga. In za ta ba ni tuwo sai ta tura akushin gefe ta ce a ba yaron nan. Akwai wani mahauci a unguwarmu mai suna Lawali kamar ni, shi ma albarkacina ya rasa sunansa a bakinta, sai dai ta ce mai nama. In na yi zazzaɓi ɗakin kakata Iya ake kwantar da ni, ita ke jiƙa mini magani tana yi mini tsiya, tana cewa ta gaji da rago irina, za ta sake miji. Inna kuwa sai ta sami dalilin wucewa ta ƙofar ɗakin sau da yawa, wai tana neman maburgi. Ban taɓa jin haushin wannan ba, don haka na ga ana yi wa duk wani ɗan fari. In ma gaskiya kuke so, daɗinsa nake ji, saboda shi ya sake ni.

Sauran yara ana kiransu. Muna tsakiyar langa sai ka ji wata uwa ta ƙwala kira daga bayan darni, yaro ya saki ƙafarsa ya tafi yana gunaguni. Ni ba mai kirana. Da mushe, malamin makarantarmu, ya sallame mu daga lakwal, ko ranar da babu karatu, garin nan da dajinsa duk nawa ne. Dakoro ta lokacin ba wadda kuka sani ba ce. In ka hau tudun rairayin da ke bayan gidanmu kana ganin ƙarshen gari ta kowane gefe, daga nan sai gonaki, sai sabara da kalgo, sai sararin Allah. Da damina muna tabki har idanunmu su yi ja, mu fito mu kwanta a rairayi mai zafi mu bushe. Da an yi kaka an saki gonaki, sai roron gujiya: mu bi gonar da aka riga aka cire, muna tono da tsinke, mu gasa abin da muka samu da karan gero nan take, bakinmu baƙi ƙirin. Mun san wace magarya ce mai zaƙi, wace aduwa ce ke sa gudawa, wane rami ne na kurege, wane ne na abin da ba a sa hannu. Mukan tafi rijiyoyin makiyaya mu wuni muna kallon shanu na jan guga, igiya tana tafiya tana tafiya kamar ba za ta ƙare ba, wata Bafulatana ta ba mu nono a ƙoƙo, wani Buzu ya gutsura mana cuku don mun kora masa raƙumi. Ba mu da takalmi, ƙarangiya ma ta gaji da mu ta ƙyale mu. Yunwa in ta kama ka, gidan da ya fi kusa za ka shiga ka yi sallama, a dama maka fura, a tambaye ka ɗan wane ne bayan ka sha. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin ƙasar nan bayan ruwan farko, kuma ba na ɓoye muku, ina kewarta fiye da yadda ya kamata tsoho ya yi kewar wani abu.

Sani shi ne na Inna. Tsakanina da shi akwai mace, sai wani da bai zauna ba, don haka duk son da al'ada ta hana ta nuna mini shi ta juye wa. Sunansa ba ya barin bakinta daga safe zuwa yamma. Tana daka yana riƙe da zaninta, tana tankaɗe yana zaune a ƙafarta yana ba ta labarin da ba shi da kai ba shi da gindi, ita kuwa tana amsa masa kamar wani babban mutum. Yaro ne mai dariya, ku riƙe wannan. In ya fara dariya har shaƙuwa take kama shi. A shekarar da nake ba ku labari bai wuce bakwai ba, ni ina wajen sha biyu, kuma a shekarar ne ya fara bina daji. Da farko korarsa nake yi, in jefe shi da ɓurɓushin ƙasa, ya tsaya, in na juya ya ci gaba da biyo ni. Daga baya na haƙura, na ga ma yana da amfani wajen riƙe mini riga in zan shiga ruwa. Damina ɗaya da kaka ɗaya ya samu, iyakar rabonsa ke nan.

Bayan an gama ɗaure dammuna, wan babanmu ya zo. Baban Maradi muke ce masa. Ɗan kasuwa ne, yana sayen gero da wake a kasuwannin wajenmu, har Birnin Lalle da Mai Yara, yana kaiwa Maradi, daga can wasu su wuce Nijeriya. Mutumin kirki ne, kada ku ɗauka zan ɓata shi. Shekarar da gonarmu ta ƙi, buhunansa ne suka riƙe gidanmu har sabon gero ya nuna, kuma bai taɓa goranta wa kowa ba. Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Ya ce wa Baba yana son ya ba shi ni, in zauna wurinsa, in ci gaba da lakwal a can, in koyi kasuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Ɗan fari dama na dangi ne, sau da yawa ba a gidan ubansa yake girma ba, kuma ƙane ba ya buɗe baki ya hana wansa ɗa. Baba ya ce to. Iya ta ce Allah ya sa albarka. Aka tsayar cewa ranar kasuwa mai zuwa, in kamyon, wato motar kayansa, ya cika, za mu tafi tare.

Na taɓa zuwa Maradi sau ɗaya, kuma na ga gidan. Katanga ce doguwa da ƙyauren ƙarfe, daga gida sai shago, daga shago sai gida, yaran wurin suna zaune bayan buhuna suna awo da tiya har rana ta faɗi. Maganar tafiyar ba ta yi mini daɗi ba. Ba rabuwa da Inna ko Baba ce ta dame ni ba, ina faɗa muku ne yadda abin yake. Tabki nake tunani, da roro, da abokaina. Na je wurin Baba, ya ce maganar manya ce. Na je wurin Iya, ta yi mini dariya ta ce can zan samo mata kuɗin zane. Sai ya rage mutum ɗaya, wadda ban taɓa kai wa kuka ba tun da aka yaye ni. Washegari ban fita ko'ina ba. Na je na zauna kusa da turminta, abin da ban taɓa yi ba, na sa kai a gwiwa. Ta ci gaba da dakanta kamar babu kowa a wurin. Da na ga ba za ta kula ni ba, sai na yi yadda muka saba in akwai magana tsakanina da ita, na bi ta kan Sani. Na ɗaga murya na ce masa:

"Sani, in an kai ni Maradi gudowa zan yi da ƙasa. Ta daji zan biyo, ba ta hanyar mota ba, don kar a kamo ni. In ƙishirwa ta kashe ni, shi ke nan."

Taɓaryar ta tsaya a sama kaɗan, sannan ta sauka. Da wani yaro ne ya faɗi haka, da an yi dariya an ce kurari ne. Amma Inna ta san irin nisan da nake yi, ta san na san daji daidai yadda zan iya gwadawa, ban kuma san shi yadda zan iya kaiwa ba. Ni kuwa na san ta sani, shi ya sa na zaɓi wannan maganar. Ko zan iya aikatawa, har yau ban sani ba.

Ana jibi kasuwa, bayan la'asar, aka taru a tsakar gida. Baban Maradi yana kan tabarma da Baba, Iya tana kan kujerarta, ga gwaggonmu da ta zo daga Bader Gula, ga matan maƙwabta biyu da suka shigo aron rariya suka ƙi tafiya. Al'ada ce a sanar da uwa, don a fita haƙƙinta kawai. Kowa ya san amsar: ko ta yi shiru ta shige ɗaki, ko ta ce ita ina ruwanta, ɗanku ne. Iya ta juya wajen murhu inda Inna ke durƙushe ta ce mata ta ji, jibi za a tafi da yaron nan. Inna ba ta ɗago ba. Tana kallon wuta ta ce:

"Lawali ba shi zuwa."

Ban taɓa jin sunana a muryarta ba sai ranar, har na waiga ina neman wanda ya yi magana. Gwaggo ta kama baki. Iya ta ce, "Mi kika ce?" don ta ba ta hanyar janyewa, amma Inna ta sake faɗa, a hankali, da sunan da komai. Baba ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi abin. Baban Maradi bai yi faɗa ba, ya dai jawo takalmansa ya sa, ya ce bai san ya zo ƙwace ba ne, da bai tambaya ba. Ya fita ya koma masaukinsa a gidan wani abokin cinikinsa, tuwon da aka aika masa ma ya dawo ba a taɓa ba.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Ba za ku gane nauyin abin ba, don yanzu ba a ɗauke shi komai ba. A lokacin kamar mace ta fita kasuwa ba ɗankwali ne. A bakin rijiya mata suka riƙa gaishe ta da "Ina kwanan Lawali?" suna ƙunshe dariya. Wata tsohuwa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mace ta tsaya gaban wan mijinta tana jayayya a kan ɗan fari ba, ta ce zamani ya zo ƙarshe. 'Yan mata har suka sa abin cikin waƙar gaɗa. Inna, wadda ake kwatance da kunyarta, wadda ake ce wa amare su yi koyi da ita, ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa suna da biki har aka ci rani. Ni abin da ya same ni kaɗan ne. Abokaina suka yi mini "ɗan Inna, ɗan Inna", na kama mafi ƙanƙanta a cikinsu na tumurmusa shi a rairayi, magana ta mutu.

Amma ba a nan abin ya tsaya ba. Baba ba zai bar wansa ya hau mota da wannan a ransa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ga kuma alherin da ke tsakani. Washegari Iya ta wuni tana kai da kawowa tsakanin gidanmu da masaukin ɗanta, da yamma ta dawo da sulhu: tun da an hana babba, a ba da ƙarami. Sani zai tafi. Wannan karon ma an sanar da Inna, amma ba ta da sauran baki. Mace ba ta hana wan mijinta ɗa sau biyu ta ci gaba da zama a gidan. Abin da take da shi ta riga ta kashe a kaina. Ta ce to, ta shiga ɗaki.

Iya ta same ni a zaure ina gyaran danƙona. Ta zauna kusa da ni, ba tsiya ba wasa, abin da ban saba gani a wurinta ba. Ta ce:

"Maigida, ka ji ƙanenka za shi tahi madadinka. Yaro ne ƙarami, ko wankan kirki bai iya ba. In kai ka ce da bakinka kana zuwa, ba wanda za shi ga laihin kowa. Kana da magana?"

Na ce ba ni da magana. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta dafa bango ta tashi. Abin da ya fi ba ni kunya ba amsar ba ce, don yaro ne ni, ana iya cewa tsoro ne. Abin da na ji a cikina ne. Daɗi na ji, wani sanyi ya sauko mini har ƙafa. Na tashi na fita da gudu na sami abokaina a gonar bayan gari, muka yi ta kamun fara har rana ta yi ja, kuma na fi kowa dariya a ranar.

Ranar kasuwa Inna ta yi wa Sani wanka, ta shafa masa mai, ta ɗaure masa 'yan kayansa a tsohon zaninta tare da ƙullin gujiya. Ba ta raka shi tasha ba. Ni da Baba muka kai shi. Aka ɗaga shi aka ɗora kan buhunan wake, yana ta murna zai shiga kamyo, yana ɗaga mini hannu yana cewa in ajiye masa magarya, gobe zai dawo. Ba wanda ya gaya masa gaskiya, har da ni.

An riƙe shi da kyau, wannan ba shakka. Ya yi karatu ya fi ni, ya gaji kasuwar Baban Maradi, rufin gidan nan da kuke ciki ma da hannunsa a ciki. Amma yaron nan mai dariya har shaƙuwa bai dawo ba. In ya zo da salla zuwan baƙo yake yi, da takalmi da riga mai guga, ya zauna a zaure yana jiran a ce masa ga wuri. Na taɓa jansa zuwa tabki, ƙarangiya ta kama masa wando, ya tsaya yana cirewa ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi zai koma gida. Matar Baban Maradi yake kira Inna. Wadda ta haife shi kuwa, da ya zo gaishe ta a zuwansa na biyu, sai na ji ya ce mata Innar Dakoro. Ta amsa masa da fara'a, ta tambaye shi mutanen gida. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, ban ma san ko ya san yadda aka yi ba. Ni kuma na sami abin da nake so, na yi shekaru ina yawona, kowace magarya da na ba ku labarinta na ci ta.

Sai dai akwai magaribar ranar da kamyon ya tafi. Tun da Sani ya fara bina daji, Inna ta sami wata dabara: in rana ta faɗi sai ta fito ƙofar gida ta ƙwala masa kira, ta san muna tare, in ya taho dole in taho da shi. Ranar ina kan tudun bayan gida ni kaɗai, na ƙi sauka da gangan. So nake in ga abin da za ta yi, kuma a raina ina sa ran tun da ta kama sunana sau biyu, za ta ƙara. Aka shigo da awaki, hayaƙi ya tashi a gidaje, uwaye suka yi ta kira yara suna watsewa. Sai ga ta ta fito. Ta tsaya a ƙofa ta dubi gabas ta dubi yamma, ta gyara mayafi, sannan ta ɗaga murya yadda ta saba.

"Sani!"

Ta ji abin da ta faɗa, ta kai hannu baki. Matar maƙwabcinmu da ke tsaye da tulu, ɗaya daga cikin masu yi mata dariya a rijiya, ta kau da kai ta shige gida. Na jira ko za ta gyara, ba ta gyara ba. Ta sauke hannun ta sake kira, wannan karon da saninta. Sai na miƙe a kan tudun na ce, "Na'am," na gangaro. Ta juya ta shiga tun ban iso ba, na tarar an tura akushina gefe.

Ba ta sake kama sunana ba har ta koma ga Allah. Kullum da magariba ta fito ta kira Sani, ni kuma in amsa daga duk inda nake. Unguwa duk ta san ba ya nan, kuma ba wanda ya taɓa yin dariya. Haka na yi ta amsa sunan ƙanena har na yi gemu.